Jinjina ga Mai Gyaran da Ke Tambaya Kafin Ya Goge

Duk wanda ya taɓa saɓar tsohuwar kwamfutar gida ya kai shago saboda bidiyo ya fara kakkatsewa, ya san amsoshin da ke jiransa tun kafin ya rufe baki. Ko a ce masa bairos ne, ko a ce sai an yi mata fomat, ko kuma a kalle ta a girgiza kai a ce, "Yallaɓai, ai wannan ta ci kuɗinta, ga wata nan mai zafi ta shigo jiya." Abu ɗaya ya haɗa amsoshin nan uku: ana iya bayar da kowacce ba tare da an kunna kwamfutar ba, kuma kowacce tana shigo da kuɗi.

Amma akwai wasu masu gyaran, ba su ne suka fi yawa ba, sai dai suna nan. Za ka same su a titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da ƙananan shagunan da ke manne da katangar jami'o'i da kwalejoji. In ka ajiye musu ita, sai su turo maka benci su ce, "Kunna mini shi in gani." Su nake yi wa jinjina a yau, kuma ina yi ne da sanin abin da wannan hali ke jawo musu. Fomat aiki ne da yaron shago zai yi da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, a karɓi kuɗin aiki cif, mai kaya ya tafi yana ganin an yi masa wani gagarumin abu. Bincike kuwa yana cin lokaci, kuma sau da yawa abin da ake ganowa ƙarami ne, har mai gyara ya ji nauyin faɗin kuɗinsa. Wa zai yarda ya biya dubbai don an sauya masa saiti guda? Wanda ya zaɓi ya bincika, yana ji yana gani ya bar kuɗi ya wuce saboda gaskiya. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Tambayarsu ta farko ita ke raba gardama: in hoton ya tsaya, murya ma tana tsayawa? Idan duka biyun sun tsaya cak, ɗan zoben nan ya fito tsakiyar allo yana juyawa, to kwamfutar ba ta da laifi, jiran intanet take yi, a nemi maganin a wurin sabis ko data. Idan kuwa murya na tafiya sumul amma hoto na tsalle-tsalle, ko ka ji magana kafin bakin mai ita ya motsa, to bidiyon ya iso lafiya, kwamfutar ce ta kasa kwance shi a kan lokaci. Ciwo biyu ne daban, ko da yake mai kaya "yana tsayawa" kawai zai ce maka. Gwajin kuma ba ya buƙatar ko sisi: a kunna wani bidiyo da ke ajiye cikin kwamfutar kanta. Ba daga intanet ba, ba kuma daga filashi ba, domin filashin jabu ko wanda ya gaji shi kaɗai ya isa ya sa bidiyo mai lafiya ya riƙa tuntuɓe.

Daga nan sai sauran su biyo baya. Duk bidiyo ne ke yin haka ko wasu ne? Tun farko yake farawa, ko sai an ɗan jima ana kallo? Da wuta ma haka take yi, ko sai an ɗauke ta koma kan batir? Wani ya taɓa ta kwanan nan? Kowace amsa tana nuna ƙofa daban, kuma mai gyaran da ya san aikinsa kan kusan gano ciwon kafin ya ɗauki sukundireba.

Tambayar "duk bidiyo ne ko wasu" ita ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan mafi yawan mutane ke zaluntar kwamfutocinsu. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri, galibi 25 ko 30 a kowane sakan, wani lokaci 60. Hoto guda na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 2. Da za a ajiye hotunan yadda suke, bidiyon awa ɗaya zai haura gigabait 600. Shi ya sa ake matse shi. Sai a ajiye cikakken hoto jifa-jifa, a tsakani kuwa a rubuta abin da ya canja kawai: hannun nan ya matsa dama kaɗan, bangon baya yana nan yadda yake. Lokacin kallo dole kwamfuta ta sake gina kowane hoto daga waɗannan bayanai, kuma kashi ɗaya cikin 30 na sakan ne da ita ta gama kowanne. In ta makara ba a jiranta. Manhajar kallo sai ta yar da wannan hoton ta kama na gaba don kada murya ta tsere mata. Hotunan nan da ake zubarwa su ne tsalle-tsallen da ido ke gani.

To, tsarin matsin ba ɗaya ba ne, kuma a nan gizo ke saƙa. H.264 ya fito a 2003, ya kuma mamaye duniya, daga kyamara har waya. A 2013 aka fitar da H.265, wanda aka fi sani da HEVC, da burin rage girman fayil da kusan rabi ba tare da hoto ya lalace ba. A shekarar ce kuma Google ya fito da VP9 da YouTube ke amfani da shi, sannan AV1 ya biyo baya a 2018. Kowane sabon tsari yana rage cin data da wurin ajiya, amma lissafin kwance shi ya fi na baya nauyi. Masu ƙera kwamfuta sai suka dasa wani ɗan sashe a ɓangaren hoto wanda ba shi da wani aiki sai kwance bidiyo. Shi wannan sashe injin niƙa ne, abin da aka ƙera shi dominsa yana gamawa ba ko gumi; furosesa kuwa turmi da taɓarya ne, ba abin da ba ya dakuwa a ciki, amma hannu na gajiya. Damuwar ita ce injin da ke cikin kowace kwamfuta tsarin zamaninsa kaɗai ya sani. Furosesoshin Intel zubi na biyu da na uku, na 2011 da 2012, sun iya H.264 sarai. HEVC bai samu cikakken gurbi ba sai a zubi na shida a 2015, VP9 sai a na bakwai, AV1 kuwa sai a na goma sha ɗaya a 2020. Duk tsarin da injin bai sani ba, kan furosesa yake faɗawa.

Yanzu dubi kwamfutocin da ke gidajenmu da yawa: HP EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420 da E6430, ThinkPad T420 da T430. Duk 'yan 2011 ne da 2012, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka zo mana a tokumbo. Ƙarfi gare su, shi ya sa har yau suke aiki. A ɗaya gefen kuma, tun 2017 da iOS 11 ya fito wayoyin iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC kai tsaye in ba an sauya saitin ba, kuma wayoyin Android da kyamarori da yawa sun iya shi. Ka haɗa da 4K, wanda ɗigonsa ya ninka na 1080p sau huɗu. Ita kwamfutar yadda take jiya haka take yau, bidiyon da ake kawo mata ne ya canja.

Na ga wannan da idona wata rana ina zaune a wani shago ina jiran a sauya mini kibod. Wani dattijo ya shigo, da ganinsa tsohon malamin makaranta ne, riƙe da irin jakar nan da ake rabawa a taron bita. Ya zaro EliteBook 8470p wadda wasu haruffanta sun goge saboda rubutu, ya kuma kwance wani filashi daga bakin hankici. Bidiyon bikin autarsa ne. An taru a falo za a kalla, hoto ya ƙi tafiya, har baƙi suka watse.

"Injiniya, an ce mini bairos ne ya shiga, wai sai an wanke ta. Ni kuwa rubuce-rubucena duk suna ciki."

"To Baba, bari mu gani tukuna. Akwai wani tsohon bidiyo a cikinta?"

Akwai karatun tafsiri da jikansa ya zuba masa tun shekarun baya. Aka kunna, ya tafi sumul. Saurayin mai gyaran ya kwafe bidiyon bikin daga filashi zuwa cikin kwamfutar, ya buɗe shi da VLC, nan take fanka ta ɗauki kuka, amarya ta daskare da hannu a sama, mai kiɗa kuwa bai fasa ba. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, ga furosesa a kan 100 ya ƙi saukowa. Ya koma VLC ya danna Ctrl da J, bayanin fayil ɗin ya fito: HEVC, 3840 da 2160. Allon kwamfutar kuwa 1366 da 768 ne. Wato tana ta fama da ɗigo sama da miliyan 8 a kowane hoto, alhali abin da za ta iya nunawa bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Mai ɗaukar bikin da sabuwar na'ura ya yi aiki, ya ba ku shi yadda ya fito. Ya fi ƙarfinta ne kawai."

"Sai sabuwa ke nan?"

"A'a. Ku bar mini filashin zuwa gobe, zan juya muku shi zuwa wanda take iyawa."

Da HandBrake zai juya shi, manhajar kyauta, zuwa H.264 a 720p. Da dattijon ya tambayi kuɗin aiki, cewa ya yi, "Abin da ya sauwaƙa, Baba." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ba a goge ko harafi ɗaya daga rubuce-rubucensa ba.

Idan kuwa amsar ita ce bidiyo na farawa lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin ya fara tuntuɓe, to zafi ne, kuma wannan ciwo namu ne na gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na tura ƙura ta kowace kafa, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan kai digiri 40 ko fiye a Kano da Sakkwato da Maiduguri. An ƙera furosesa ne yadda in ya doshi digiri 100 zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai kallo bai san an yi haka ba, abin da zai gani kawai shi ne hoto ya fara ciccije, ƙasan kwamfutar kuma ba ya taɓuwa. Wanda bai taɓa ganin an buɗe irin wannan kwamfuta ba ya kamata ya tsaya ya gani. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita akan tarar da ƙura haɗe da zaren bargo da gashin darduma, ta danƙare ta zama faifai guda, ana sa hantsaki ta taso gaba ɗaya. Fanka na juyawa iya ƙarfinta, iska ba ta da hanyar wucewa. A nan ma ana gane gwani. Mai gaggawa daga waje zai sa bulowa, ya ƙara cusa ƙurar ciki, ya bar fanka na wulwulawa har ta samu matsala. Gwani yana kwance kusoshi ya ciro fankar, ya dafe ta da yatsa kafin ya hura, ya bi ƙarafan da buroshi. Sannan ya ɗaga bututun jan ƙarfen da ke ɗauke zafi, ya goge tsohon man nan mai ruwan toka da ya bushe ya farfashe a kan furosesa, ya ɗiga sabo daidai ƙwayar wake, ya mayar ya ɗaure kusoshin bi da bi. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma kwamfutar da aka yanke wa hukuncin tsufa sai ta dawo hayyacinta. Da za a daina ɗora ta a kan katifa da darduma, inda ƙofofin iskarta ke toshewa, da an rage zuwa shago.

Caja ma tana da hannu, abin da mutane ba sa kawowa a ransu. Kwamfutocin Dell, alal misali, suna tantance cajarsu ta siririyar allurar da ke tsakiyar kanta. In allurar ta karye ko cajar ta jabu ce, sai kwamfutar ta ƙi cajin batir ta kuma rage gudun furosesa. Takan yi gargaɗi lokacin kunnawa, amma mun saba danna F1 mu wuce. Haka nan in an ɗauke wuta, Windows kan koma tsarin tattalin batir, sai bidiyon da ke tafiya ɗazu ya fara jan ƙafa. Shi ya sa mai gyaran kirki ke cewa a zo masa da cajar gida.

Abin da ya fi ba ni haushi game da fomat na gaggawa shi ne yakan ƙara ciwon da aka zo magancewa. Sashen nan mai kwance bidiyo ba ya aiki sai da direbansa, wato manhajar da ke haɗa shi da Windows. In aka zuba sabon Windows aka miƙa wa mai kaya ba a sa direban hoto ba, ka duba Device Manager za ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Ma'anarsa duk wani bidiyo, har tsohon H.264 da take kwancewa cikin sauƙi a da, yanzu a kan furosesa zai sauka. Mutum ya biya kuɗi, ya rasa fayilolinsa, ya dawo gida da kwamfutar da ta fi da muni. Sai ya yarda cewa lallai ta tsufa.

Batun RAM da faifan ajiya ba sai an ja shi ba. Gigabait 4 da shafuka goma a buɗe a Chrome, ga manhajar kashe bairos har biyu suna kokawa da juna, ga tsohon faifai mai juyawa yana kan 100, dole bidiyo ya riƙa shaƙewa. Ƙarin RAM da sauya faifan da SSD suna farfaɗo da tsohuwar kwamfuta ƙwarai. Sai dai SSD ba ya kwance bidiyo. Na fi girmama mai gyaran da zai ce, "Hajiya, zai sa ta tashi da wuri, amma wancan bidiyon ba zai gyaru da shi ba," duk da cewa SSD ɗin na cikin kantarsa yana neman mai saye.

A YouTube kuwa abin a fili yake ga wanda ya san inda zai duba. Ka danna dama a kan bidiyo ka zaɓi Stats for nerds, za ka ga adadin hotunan da aka zubar da kuma tsarin da aka turo maka: avc1 shi ne H.264, vp09 shi ne VP9, av01 kuma AV1. Akwai ɗan ƙarin da ake maƙala wa burauza mai suna h264ify, wanda ke sa YouTube ya turo H.264, wanda tsohuwar kwamfuta ta iya. Ko ba shi ma, a sauko daga 1080p zuwa 720p ko 480p. A allon inci 14 bambancin bai taka kara ya karya ba, ga data ta ragu.

Bai kamata in wuce ba tare da na ba wasu rabonsu na wannan jinjina ba, ko da yake ba su san muna yi ba. VLC, mai alamar robar nan mai tsini da ruwan lemu da masu aikin hanya ke jerawa, ya faro ne a 1996 a matsayin aikin ɗalibai a École Centrale ta Faransa, aka saki lambobinsa ga kowa a 2001, kuma har yau kyauta yake, ba talla a ciki. FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya assasa a 2000, shi ne ƙashin bayan manhajojin bidiyo da yawa, har da HandBrake ɗin da aka ceci bikin autar Baba da shi. A 2018 mutanen VideoLAN, wato masu VLC, da na FFmpeg suka fara dav1d don AV1 ya kwantu da sauri ko a kwamfutar da ba ta da sashensa. Kusan duk kayan aikin da injiniyanmu ke taƙama da su a wannan fanni, wasu ne suka yi su suka bayar ba su nemi ko kwabo ba.

Wannan kuwa shi ya kawo ni ga sauran rinan da ke kaba, domin jinjinar ba ta nufin an gama. Ilimin da aka samu kyauta bai kamata a kulle shi a aljihu ba. Saurayin nan ya yi wa dattijo adalci, amma bai nuna masa komai ba. Za a yi wani bikin, za a yi suna, za a kawo wani filashin, kuma abin da ya faru zai sake faruwa. Minti biyu sun isa a rubuta masa a takarda: bidiyon da za a kawo muku ya zama H.264, kada ya wuce 1080p. A hura mata ƙura bayan kowane hunturu. Kada a ɗora ta a katifa. Ko a ce ya turo jikan a nuna masa Ctrl da J. Na san abin da ake faɗa, wai in ka koya wa kwastoma ka kori kanka daga kasuwa. Ban yarda ba. Wanda ka yi wa bayani ya gane, shi ne zai turo maka maƙwabcinsa, kuma ranar da allo ya fashe ko madabod ya ƙone ba zai nemi wani shagon ba. Haka yaran shago: wanda aka koya wa fomat kaɗai, fomat zai yi wa duk abin da aka kawo masa har ya buɗe nasa shagon.

Sai amana, wadda ta fi duk wannan nauyi. Filashin biki ba hoton maza a ƙofar masallaci kaɗai ke ciki ba. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai matan gida a cikin gidansu ba mayafi. Ya kwana a shago, an kwafe shi a kwamfutar aiki, yara uku ko huɗu na da hannu a kanta, abokansu na shigowa cajin waya. Mun sha jin gidajen da suka shiga tashin hankali saboda abin da ya fita daga wurin gyara. Mai gyaran da ya kai a yaba masa ya kamata ya kafa doka a shagonsa: ba a buɗe fayil ɗin da aiki bai shafa ba, ba a karɓar kalmar sirri sai in dole, kuma duk kwafin da aka yi a goge shi a gaban mai shi ranar da ya zo karɓa. Wannan ba alfarma ba ce da za a yi wa Alhaji a hana talaka.

Masu ɗaukar bidiyon biki ma a gaya musu, kuma masu gyara ne suka fi kowa damar faɗa musu tunda su ke ganin ɓarnar: a ba mai biki kwafi biyu, babba na ajiya da ƙarami na kallo. Danna maɓalli ne sau ɗaya a wurin fitarwa.

Akwai kuma abin da ya riga ya iso ƙofa, wanda hurar ƙura ba ta magance shi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa kansa. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da ƙarin lokacin da aka ba wanda ya yi rajistar shirin tsawaita sabunta tsaro. Windows 11 kuwa yana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0, a ɓangaren Intel kuma furosesa daga wajen zubi na takwas zuwa sama, wato duk 'yan 2011 da 2012 ɗin nan an bar su a baya. Ana iya cusa musu shi ta bayan fage, kuma ana yi, amma a gaya wa mai kaya cewa ta bayan fage ne. Wanda zai ci gaba da tsohon Windows a sanar da shi kada ya riƙa shiga asusun banki da ita. Kuma lokaci ya yi da masu gyaranmu za su zauna su koyi Linux da gaske. Linux Mint, musamman mai Xfce, yana tafiya da sauƙi a irin waɗannan kwamfutoci, ana sabunta tsaronsa, VLC da Firefox da Chrome duk suna hawa. Ga gidan da buƙatarsa kallo ce da rubutu da karatun yara, ya wadatar. Wanda bai iya shi ba, ba zai taɓa kawo wa kwastoma shawararsa ba.

Wata ranar kuma gaskiyar ita ce ta kai iyakarta. Mai Core 2 Duo da gigabait 2 ba za ta kalli bidiyon wayar bana ba, ko wane ne ya taɓa ta, ko da yake za ta ci gaba da amfani wajen rubutu da kallon 480p. A nan ne jarrabawar ta fi tsanani, domin yawancin masu gyara su ne kuma masu sayarwa. Tambarin Core i7 da ke manne a gefen kibod shi ke ruɗar mutane, har su biya kuɗi mai yawa a kan i7-2620M na 2011, alhali i3-8130U na 2018 zai kwance HEVC da VP9 ba tare da fanka ta ɗaga murya ba. Sirrin yana cikin lambar da ke bayan ɗan layin nan: in lambobi huɗu ne, ta farko ita ce zubin, 2 na biyu, 6 na shida, 8 na takwas, daga na goma zuwa sama kuma lambobi biyu na farko. Wanda zai cire kuɗinsa yau saboda bidiyo da Windows 11, kada ya sauka ƙasa da 8. Ina so in ji mai gyara ya faɗa wa kwastoma haka da bakinsa, ya nuna masa inda ake karanta lambar, ko da kuwa wadda ke kan kantarsa tana jiran mai saye 'yar zubi na huɗu ce.